Ranar da Tela Ya Koyar da Triniti

Fasto zai yi tafiyar mako guda, sai ya bar wa Tela nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba. Darasin makon kuwa Triniti ne: Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Tela ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, a minti goma zai warware shi.

Kwana uku yana shiri a shago. Yana taka keken ɗinki yana yi wa rigunan da ke rataye wa'azi, har ya ɗinke bakin aljihun wandon wani direba bai sani ba.

Ran Laraba mutum tara suka zo ƙaramin ɗakin da ke bayan coci. A bencin gaba akwai matarsa, da surukarsa wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta ras, da wata tsohuwar nas mai son tambaya.

Tela ya fara da kansa. Ya bugi ƙirji ya ce a dube shi da kyau: a wajen yara shi uba ne, a wajen matarsa miji, a shago tela, amma mutum ɗaya ne. To haka abin yake.

Matarsa ta ɗaga hannu. Ta ce ta gode Allah da ta ji wannan a gaban shaidu, don wata huɗu ke nan mijinta yana ce mata laifin tela ne da ba a ɗinka mata riga ba, ashe ma mutum ɗaya ne. Aka yi ta dariya. Surukar ba ta yi ba. Ta tambaya, in haka ne, da Yesu yake addu'a ga Uba, da kansa yake magana kamar yadda Tela ke yi a kan keke?

Tela ya share gumi ya ce a bar wannan misali, yana da wanda ya fi shi. Ya ciro ƙwai daga aljihu: ɓawo, fari, gwaiduwa, abu uku, ƙwai ɗaya. Ya ƙwanƙwasa shi a gefen tebur don ya nuna musu. Ashe dafaffen da ya tanada yana can gida a cikin kwano, ɗanye ya ɗauko. Ƙwan ya kwarara a kan takardunsa har cikin takalmi.

Nas ta jira ya gama gogewa da hankici, sannan ta tambaya a natse wane ne ɓawon a cikin ukun, tunda shi ake zubarwa. Ta ƙara da cewa ita dai ba ta taɓa jin an kira gwaiduwa cikakken ƙwai ba, Ɗan kuwa cikakken Allah ne.

Tela ya zauna a bakin benci. Ya ce gaskiya abin ya fi ƙarfinsa.

"Ɗana," in ji surukar, "ka bar kayan kicin. Buɗe wurin da aka yi wa Yesu baftisma ka karanta mana."

Ya buɗe da yatsu masu danƙo, ya karanta: Ɗan yana fitowa daga ruwa, Ruhu ya sauko masa kamar kurciya, muryar Uba kuma daga sama tana kiransa ƙaunataccen Ɗa.

"To ka gani, ga su nan su uku a lokaci ɗaya, ba wanda ya sake riga ya dawo," ta ce. "Littafin nan kuma shi ya ce Allah ɗaya ne. Haka Allah ya nuna mana kansa."

"Mama, to ta yaya ke nan?"

"Shekarata saba'in da biyu ina sujada, ban gama ganewa ba. Kai kuma minti goma ka ɗiba."

Suka yi addu'a aka tashi. A hanya surukar ta riƙe hannunsa saboda ramuka. Ta ce muryarsa ba laifi, sai dai yana karatu kamar ana korarsa, ya riƙa zuwa ran Asabar yana karanta mata a hankali. Ya ce to. Har yanzu yana zuwa. Sun kai tsakiyar Bisharar Yohanna, kuma ba ya yin layi biyar ba ta tsayar da shi ba.