Kainuwa a Randar Zara'u

A shekara ta biyu ta fari, lokacin da motar sojoji ke kawo jar dawa ƙofar mai gari ana rabawa da tiya, tafkin Kona ya janye har ya koma ɗan kududdufi. Zara'u, matar marigayi Sha'ibu masunci, ta shiga taɓo har gwiwa ta kamo 'yan tarwaɗa tara, kowane bai kai yatsa ba, ta zuba su a wata tsohuwar randa bayan ɗakinta.

Cikin kwana uku biyu suka mutu, ruwan kuma ya fara wari. Sai ta tuna mijinta yakan ce ruwan da ba ciyawa a cikinsa mataccen ruwa ne. Ta ɗauki ƙwarya ta koma tafki.

Ciyawar ruwa iri uku ta tarar. Gansakuka ta lulluɓe bakin ruwan. Ta murza ta a yatsu, ta shinshina, ta yar, don ta san ruɓa take yi ta shaƙe kifi. Bado kuwa sai da laka mai zurfi, ga mata can suna tonon saiwarsa don su dafa wa yara, ba za ta taɓa abincin mutane ba. Saura kainuwa, wadda ba ta neman ƙasa. Ta dinga juya su ɗaya bayan ɗaya tana duba gindi. Mai baƙar saiwa da yauƙi ta bari, mai farin gashi da sabon toho ta ɗauka. Huɗu kaɗai ta samu.

Kullum sai ta rage ƙwarya guda daga ruwan da ta jawo a rijiya ta ƙara wa randar. Mutane suka fara magana. Laminu, wan mijinta, ya zo ranar da ya ɗaure kayansa a amalanke zai yi kudu da iyali. Ya leƙa randar ya daɗe, sannan ya ce ta taso su tafi tare, ba mai hankalin da zai shayar da kifi alhali akuya na mutuwa.

Ta ce, "Yaya, in tafkin ya cika ba kifi a ciki, me ɗiyanku za su tarar?"

Ta juye masa rabin dawarta a buhu, suka yi sallama.

Tafkin ya ƙafe ƙaf, ƙasa ta tsattsage. Kainuwa ta hayayyafa ta rufe bakin randar, ruwan ya zauna da sanyinsa. Duk da haka tarwaɗa uku suka ƙara mutuwa a bazara.

Da ruwa ya sauka, Zara'u ta jira tafkin ya kwanta, ta kai tarwaɗa huɗun da suka rage ta sake su a ciki. Ta tsaya a bakin ruwa har rana ta take. A hanyar gida ta bi ta ƙofar Laminu, ta ga dangar ta faɗi, ciyawa ta fito a tsakar gida. Ta ajiye ƙwarya ta fara tada dangar.