Ranar da Na Yi wa Baba Jumare Ƙarya

Goggo Rahmatu ta tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi, ta ɗaga za ta fyaɗa min a baya, sai ga waya tana kuka a bakin taga.

"Goggo, shi ne! Wallahi shi ne!"

"Ko wane ne, sai an gama wankan nan. Juyo min bayanki."

Ai ban san lokacin da na figi zani na ɗaura ba. Kwanana sha tara da haihuwa, amma na tsallake bokiti na isa taga, ruwa na ɗiga a jikina.

"Zulai! Kina ji na? An kira sunana! Sun ɗauke ni!"

Uwaisu ke nan, mijina. Ku yi haƙuri na kama sunan, in ban faɗa ba ba za ku gane ba. Kwanansa uku a Kaduna wajen gwajin wani kulob na ƙwallon kwando, irin wanda ake biyan mutum albashi don ya yi wasa. Su arba'in da wani abu suka je, huɗu aka ɗauka. Huɗu fa! Na rangaɗa guɗa har jaririya ta farka.

"Bar guɗar nan, cajina ya kusa ƙarewa. Ki saurara da kyau, ki je ki faɗa wa Baba Jumare yadda na faɗa miki. Wasan ƙarshe na jiya, sau biyu kawai na zura a kwando."

Sau biyu? Ya ci gaba da zuba, fasin kaza, wani gajere kaza, koci ya ce kaza, ina ta "to, to," sai ɗif, wayar ta mutu.

Bari in gaya muku wane ne Baba Jumare. Maƙwabcinmu ne a nan Gazara, katanga ɗaya ta raba mu. Ban taɓa ganin mutum mai tsawonsa ba, ko masallaci sai ya sunkuya yake shiga. Da ƙuruciyarsa ya yi ƙwallon kwando a Zariya, daga baya ya dawo gida ya kama noman rake. Shi ya ga Uwaisu a kasuwar Makarfi yana lodi, yana cilla damin rake saman mota, wani da dama wani da hagu, duk ɗaya a wajensa. Ya bi shi har gida. Ya cire gare daga tsohon keke ya kafa a jikin falwaya a filin firamare, shekara shida kullum da yamma suna can.

Sai dai koyarwar tasa ta ba mutane dariya. Kowa ya san amfanin dogo ya tsaya gindin kwando a miƙo masa ya saka. Shi kuwa Baba sai ya kora Uwaisu can nesa, ya ce ya yi jifa daga can, ya buga ƙwallo da ƙasa yana gudu, ya ba wasu su ci. Na sha jin su in na bi ta filin.

"Baba, ga kwando a gabana, in saka mana."

"Ba za ka saka ba. Ni haka aka yi min. Aka kafa ni gindin kwando kamar turke, in na taɓa ƙwallo da ƙasa koci ya daka min tsawa. Ranar da suka sami wanda ya fi ni tsawo da yatsa biyu, ko sallama ba su yi min ba. Koma baya!"

To a daminar nan ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya. Aka kai shi asibiti a Zariya, aka dawo da shi aka ce a yi ta addu'a. Uwaisu ne kaɗai ke iya juya shi a gado, shi ya sa da ranar gwaji ta zo ya ce ba ya zuwa. Baba ya ce wa matarsa Inna Mero ta miƙo masa sanda, da bakin sandar ya tura shi har ƙofar ɗaki.

Yanzu ga labari a bakina, ga ni mai jego. Kun dai sani, ba fita sai an yi arba'in.

"Goggo, minti biyar."

"Ko minti ɗaya. So kike a ce Rahmatu ta zo wankan jego ta saki yarinya tana yawo a unguwa? Faɗa min in kai masa."

"To me ya ce?"

"Ya ce an ɗauke shi aikin kwando."

"Kin gani ko! Saƙa za ki ce masa yana yi."

Muna cikin haka sai muka ji muryar Inna Mero ta katanga, tana cewa wani ya kira mata liman ya zo ya yi wa malam karatu. Goggo ta dube ni, ta dubi wajen da katangar ta zube bara aka toshe da zana.

"Ni dai ƙofar gida aka ce in tsare," ta ce. "Sa hijabi, ki rufe kan yarinyar nan. Ni zan je bayi, ban ga komai ba."

Na ɗaga zana na kutsa, ƙaiƙayi duk a hijabina.

Gadon Baba bai taɓa isarsa ba, benci ake sa masa a ƙarshe ya ɗora ƙafa. Na same shi an jingina shi da filo uku, ya rame sai idanu. Na durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ya jiki?"

"Da sauƙi, mai jego. Wa ya sake ki?" Muryar can ƙasa. "Kawo min amaryata in gani. Me ake ciki?"

"Baba, an ɗauke shi!"

Inna Mero ta saki kofin da ke hannunta ta hau hamdala. Baba ya lumshe ido. Sai ya buɗe ya ce, "Yaya ya yi wasan?"

Nan fa shaiɗan ya zo min. Na ce a raina, mutum na kwance haka, shekara shida yana wahala, in ce masa sau biyu? Ni aji biyu na yi a sakandare, amma na san biyu ba ta da yawa. Sai na gyara zama.

"Baba, ai shi kaɗai ya yi ta ci! Yana tsaye gindin kwando, ba wanda ya kai shi, ana miƙo masa yana sakawa. Sau talatin! Ko motsawa bai yi ba."

Ina jira in ga haƙora. Sai na ga fuskar ta sauka. Ya juya kai wajen bango a hankali.

"To," ya ce. "Sun sami turke. Allah ya sa su riƙe shi shekara biyu."

"Malam, ba murna za ka yi ba?" in ji Inna Mero.

"Na yi. Mero, gyara min filo, zan kwanta."

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan wankan nan a fuska. Ga liman na hanya. In bawan Allahn nan ya tafi a haka, ya tafi da cewa duk abin da ya koyar an zubar a Kaduna, kuma ni na jawo, da bakina. Hawaye suka zo min.

"Baba, ƙarya na yi."

Bai juyo ba.

"Wallahi ƙarya na yi, kunya ce ta kama ni. Sau biyu kawai ya zura."

Kan ya juyo. "Biyu?"

"Biyu. Ka yafe min. Ɗayan ma daga can nesa ne, wai mai maki uku."

"Daga nesa." Ya ɗaga yatsa. "Ci gaba. Kar ki ƙara gishiri, kar ki rage."

Na share hanci na shiga tono abin da na ji a waya. Na ce ranar farko gindin kwandon aka sa shi, amma akwai wasu dogaye biyu da suka fi shi, har ya fid da rai. Jiya kuma mai ɗauko musu ƙwallo daga baya ya gurɗe a ƙafa, aka rasa mai ɗaukowa, sai shi ya koma ya ɗauko da kansa, yana bugawa da ƙasa tun daga wancan gefe.

"Koci bai yi tsawa ba?"

"Ya ce koci tashi tsaye ya yi."

"Mero, ɗaga ni. Ɗaga ni, na ce!"

Muka kama shi mu biyu, jaririya a cinyata. Na ce fasin tara ya bayar, wato sau tara ya miƙa wa abokan wasansa ƙwallo suka ci, ɗaya ma ta baya ya bayar bai duba ba.

"Da wane hannu?"

"Bai faɗa ba, Baba."

"Hagu ne. Ni na san hagu ne."

Na ce akwai wani gajere mai gudun tsiya da ya addabi kowa, dogayen nan in ya zo sai ya wuce su kamar an dasa su. Aka ce Uwaisu ya fito ya tsare shi, bai sake wucewa ba. Da aka tashi koci ya ce da ya ɗauki Uwaisu mutum ɗaya ya ɗauka amma uku ya samu, duk inda ya rasa mutum yana da na sawa. Ya tambaye shi wa ya koya masa, ya ce Babansa Jumare na Gazara.

Jama'a, Baba ya yi dariya! Dariya da tari, tari da dariya, hawaye na bin kuncinsa, yana dukan katifa da tafin hannu. Liman ya yi sallama ya shigo da Alƙur'ani a hannu, ya tsaya turus.

"Ni da aka ce min jiki ya yi tsanani?"

"Ya yi, Liman, zauna. Fasin tara! Mai jego, sake faɗa masa. Ban da talatin ɗin."

Sau uku na maimaita. Har Inna Mero ta haddace, in na tsallake gajeren sai ta ce, "Kin manta mai gudun." Baba ya ce a kawo masa rake, shi da ya kwana huɗu ko kunu ba ya sha. Inna Mero ta fere ta yayyanka ƙanana, ya sa ɗaya a baki yana tsotsa. Ya kama ƙafar jaririya ya auna da yatsansa.

"Amaryata ma doguwa ce. Kar ku bari a kafa min ita waje ɗaya." Sai ya dube ni. "Ke kuma maƙaryaciya, na yafe. Koma kafin Rahmatu ta ƙone ki."

Na koma ta zanata. Goggo ta sake ɗora ruwa, wai wancan ya huce, sai an sake daga farko. Ban ko yi gardama ba.

Ana kiran azahar, ina shan kunun kanwa, muka ji salati ta katanga. Inna Mero ta ce liman na karatu, shi yana bi, ya yi kalmar shahada sarai, sai ya yi shiru kamar mai jin barci. Allah ya jiƙan Baba Jumare, ya sa ya huta.

Uwaisu ya iso ana gama yi wa Baba wanka. An tsayar da shi cike takardu ne a Kaduna. Ya shigo gida da jakarsa a kafaɗa, idanu jajur, tambaya ɗaya ya yi min.

"Ya ji?"

"Ya ji. Har rake ya sha. Ya ce wai da hagu ka bayar."

Ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu. "Da hagu ne."

Bayan la'asar aka yi masa salla a ƙofar gida. Makarar masallaci ta yi masa kaɗan, sai da aka ɗaura katako a ƙarshenta. Goggo da kanta ta matsa min gefe a zaure, muka leƙa ta tsagar ƙofa. Da aka ɗaga, sai makarar ta karkace, don Uwaisu na gaba ta dama kuma duk ya fi sauran tsawo. Sai na ga ya lanƙwasa gwiwa, ya rage tsawonsa har ta daidaita. A haka ya yi ta tafiya a ɗan durƙushe, har wajen bishiyar mangwaron firamare. Nan wani dattijo ya matso, Uwaisu ya zame kafaɗarsa a hankali ya ba shi, ya koma baya cikin mutane.