Ruwan Zafin Doña Herminia

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka cika mini ɗaki.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso. Wannan babu Gizo a cikinta, bututu ne da wani tsoho mai taurin kai.

A unguwarmu ta bayan gonakin lemu, a kudancin Texas, gidan tirela na Don Nicanor, irin mai tayoyi da ake ja da mota, shi ne na ƙarshe. Shekara talatin da huɗu yana cikinsa da matarsa Doña Herminia, har tayoyin suka ruɓe ba wanda ya kula. Sai wani Fabrairu sanyi ya sauko, irin wanda kan leƙo mu sau ɗaya a shekara goma, ruwa ya daskare, tsohon bututun roba mai launin toka da ke ƙarƙashin gidan ya fashe. Herminia ta koma ɗibar ruwa a maƙwabta. Rana ta uku ta zame a matakala da bokiti a hannu, ƙashin ƙugunta ya karye.

'Yarsu Idalia ta taho daga San Antonio rai a ɓace. A ɗakin asibiti ta yanke magana: ranar Juma'a za a sallami uwar, in gidan babu ruwan zafi da na sanyi a famfo, da ita za ta tafi birni, kuma babu dawowa. Herminia ta juya fuska bango. Ita dai kajinta take so, da munsharin tsohonta.

Alhamis da safe Idalia ta zo haɗa kayan uwar da akwati biyu. Sai ga ƙafafun ubanta sun leƙo daga ƙarƙashin gida, ɗaya babu takalmi.

"Apá! Me kake yi a nan?"

"Hutawa nake, mija, 'yata. Akwai inuwa."

"Ka maƙale ne?"

"Gidan ne ya sauka. Da ba haka yake ba."

"Gidan ne ya sauka ko tumbin ne ya hau?"

Ta kama shi ta idon sawu ta jawo shi. A gefe ga fararen bututai masu tauri da gwangwanin gam. Duk mahaɗar da ya yi a karkace take, don hannunsa rawa yake yi yanzu, gam ɗin nan kuwa ba ya jiran kowa. Idalia ta sa shi a mota ta kai shi shagon kayan gini na Ofelia, ƙawar uwarta, don a gaya masa gaskiya ya haƙura.

Ofelia ta ɗaga guntun farin bututun da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Compadre, tsohon amini, wa ya sayar maka da wannan? Ba ni ba dai."

"Shekara arba'in ina ban-ruwan albasa da shi."

"Herminia albasa ce? Wannan na ruwan sanyi ne. Ka sa masa na zafi ya yi laushi kamar taliya."

Ta ɗauko wani mai launin madara. Ta ce shi yana ɗaukar zafi, amma kowace kwana sai an yanka an sa gam, kuma in ruwa ya daskare a cikinsa tsagewa yake yi. Sannan ta sauko da naɗi biyu, ja da shuɗi.

"Wannan PEX ake ce masa. Ja na zafi, shuɗi na sanyi, ko kai ba za ka ruɗe ba. Lanƙwasawa yake yi kamar igiya, babu gam, zobe ake matsewa da wannan filaya. Sanyi ba ya saurin fasa shi. Kada ka bar shi a rana, kuma a bakin hitar ruwa ka fara da guntun ƙarfe."

"Wannan ai tiyo ne na wasan yara."

"Kai kuma tsoho ne mai rawar hannu. Kun dace."

"To wa zai shiga ƙarƙashin, Doña Ofelia?" in ji Idalia. "Masu gyaran famfo duk sun ce sai bayan sati uku."

Nicanor ya rataya ja a wannan kafaɗa, shuɗi a waccan, ya nufi mota a hankali.

A gida Idalia ta ci gaba da naɗe rigunan uwarta. Ta taga ta hango uban ya durƙusa a bakin ramin ƙarƙashin gidan, yana tsuke ciki, yana ƙoƙarin cusa kai. Ta yi tsaki, ta ɗauki tocila.

"Matsa. Dubawa kawai zan yi, in gaya maka ba zai yiwu ba."

Ta ja ciki ta shiga. Ƙasa da danshi, ga yanar gizo a baki. Ta haska tsohon bututun. Kowane taku biyu akwai faci, an naɗe da robar tayar keke an ɗaure da waya, wani sabo, wani ya tsufa har ya farfashe. Ta ƙirga ashirin ta daina. Can wajen banɗaki bututun ya yi kauri, an lulluɓe shi da wani abu. Ta taɓa, ta ji maɓalli.

Rigar sanyin ubanta ce, mai ruwan ƙasa, mai gashi a wuya. Wadda ya ce ta ɓace a gona lokacin tana 'yar shekara goma sha biyu, tana wanka da asuba kafin motar makaranta. Ashe bututun ya naɗe da ita don kada ruwan wankanta ya daskare. Uwarta ta yi sati tana yi masa faɗan sakaci. Shi kuwa ya ƙare sanyin shekarar yana tsinkar lemu da riga biyu a haɗe.

"Apá. Rigarka da ta ɓace, ga ta nan."

Muryarsa ta zo daga waje.

"Wataƙila ɓeraye ne suka kai ta."

"Ɓeraye ne suka ɗaure ta da waya?"

"Ɓerayen unguwar nan akwai ilimi."

Ta kwanta rigingine a cikin danshin, ta daɗe ba ta motsa ba. Ta goge ido da bayan hannu, ta ƙara wa fuskarta laka.

"Miƙo mini jan bututun."

Haka suka yini. Shi yana cikin gida yana zura bututun ta ramukan daɓe, ita tana ƙasa tana ja, tana matse zobe. Yana ba da umarni, tana yin abin da Ofelia ta ce. Da rana suka ci tortiya, wato gurasar masara, da wake a matakala, ba wanda ya tayar da zancen akwati.

Kafin rana ta faɗi ya buɗe babban famfon waje. Na kicin ya yi tari, ya tofa iska, sai ruwa ya zubo. Idalia ta sake shiga da tocila, ta bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Guda ce ke ɗiga, ta canja mata zobe. Da ta fito ta tarar da tsohon tsaye, hannu a ƙarƙashin famfo, tururi na tashi.

"Cire hannun, Apá, za ka ƙone."

"Bari tukuna."

Ranar Juma'a Herminia ta dawo gidanta a kan keken marasa lafiya, kuma a gidan ta yi sauran shekarunta tara. Nicanor ya bi ta bayan wata biyar. Ofelia ta bar wa 'yarta shago. Idalia ta koma San Antonio ita kaɗai, tana zuwa duk ƙarshen wata, yanzu kuma da ta bar aiki ita ce a gidan.