Kukan Jirgin Taurari

Duk wanda ya taɓa kai rediyo ko fanka shagon Mai Rediyo ya san abu biyu: gyaransa ba ya dawowa, labarinsa kuma ba ya ƙarewa. Labarin guda ɗaya ne tal, na wani tsohon fim baƙi da fari da ya kalla yana ɗan shekara goma sha biyu, a gidan siliman bayan tashar mota, wanda yanzu ya koma ma'ajiyar siminti. Wasu mutane ne a fim ɗin suka hau jirgi suka nufi wani tauraro. Kada ka tambaye shi abin da suka je yi, wannan bai taɓa damunsa ba. Shi kiɗan ne ya tafi da shi.

"Ba ganga, ba sarewa, ba bakin mutum," zai ce, ya ajiye sukundireba, mai kaya kuwa yana tsaye yana duba agogo. "Da na'ura aka yi shi, wayoyi da wutar lantarki kawai. A ƙarshe, inda jirgin ya tashi ya bar mutum ɗaya tsaye shi kaɗai, sai wani kuka siriri ya taso, ya hau, ya hau, ya yi rawa, sannan ya sauko a hankali."

Daga nan sai ya rufe ido ya kwaikwaya. Allah ya ba shi hannu, amma murya kam sai haƙuri. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya taɓa leƙowa da gudu, wai ya ɗauka kyanwa ce ta maƙale a bayan firij.

A gida ma haka. Matarsa ta shekara talatin da takwas tana jin kukan nan, har 'ya'yan suka sa masa suna taken gida. Shi ko a jikinsa. Ya sha gaya musu cewa saboda kukan nan ya bar komai ya koyi gyaran rediyo, don ya san yadda waya take waƙa.

Sai ga Auta, 'yarsa mai aiki a kantin magani, ta jefo magana ana cikin cin abinci. Wata huɗu ta yi tana lalube a intanet, domin sunan fim ɗin ma uban ba daidai ya riƙe ba. Ta samo shi. Ran Asabar da yamma za a kalla, kowa da kowa.

Mai Rediyo ya ce madalla, amma a baki kawai. Tsoronsa ɗaya ne: kukan ya fito, su saurara, su dubi juna su ce, au, dama wannan ne? Shekara hamsin yana tallata abu, in ya zama ba komai ba ne, ina zai sa kansa? Kwana uku yana ɗaura waya inda ba nan ba.

Ya ce lallai a ɗauko Yaya. Wansa ke nan, ya girme shi da shekara tara, shi ne mai haska fim a gidan siliman a wancan zamani, shi ne kuma ya shigar da shi ranar. Yanzu tsufa ya kama shi, kunnensa ya yi nauyi, magana kuma dama can ba ta dame shi ba. Yaya ya aiko cewa gwiwa ta matsa masa. Auta ta je da mota ta tattaro shi, shi da gwiwar.

Aka ja labule, aka jona kwamfuta da talabijin. Jirgin yana bayyana jikoki suka fashe da dariya, wai murfin tukunya ne, ga zaren da aka rataye shi ma ana gani. Mai Rediyo ya yi kamar bai ji ba. Can sai kiɗan ya fara, wani ɓul-ɓul kamar ruwa na tafasa, da tsiwa-tsiwa, da gurnani. Auta ta karanto daga wayarta cewa gaskiya ne, da na'urori aka haɗa shi, a wani ɗaki cike da wayoyi.

"Kun ji ko?" Ya gyara zama, ya dubi matarsa. "Wannan ma somin taɓi ne. Ku jira ƙarshen."

Ƙarshen ya zo. Jirgin ya ɗaga, mutumin ya tsaya shi kaɗai yana kallon sama. Mai Rediyo ya ɗaga yatsa, kowa ya yi tsit. Sai aka ji wani gurnani mai kauri, ƙararrawa ta buga sau uku, rubutu ya hau. Shi ke nan.

"Mayar baya," ya ce.

Auta ta mayar. Gurnani, ƙararrawa, rubutu.

"Ƙara mayarwa. Ƙara murya."

Sau uku ana yi, babu kuka babu dalilinsa. Ya ce sun yanke ne. Ya ce jabu aka ba ta, ai yanzu komai jabu ne. Auta ta ce a hankali, "Baba, wallahi cikakke ne, na duba wuri biyu." Ƙaramar jikar ta jingina da gwiwarsa ta ce, "Kaka, ko dai mafarki ka yi?"

Maganar ta soke shi. Matarsa, da ta tanadi tsiya tun ranar Laraba, ta dubi fuskarsa, sai ta haɗiye abarta. Shi kansa ya fara tambayar kansa ko mafarkin ne.

"Me ake ta mayarwa?" in ji Yaya daga kusurwa.

Auta ta sunkuya ta ɗaga murya a kunnensa, ta ce kukan Baba ake nema.

"Ku daina wahalar da na'ura," Yaya ya ce. "Ba a ciki yake ba."

Kowa ya juyo. Tsohon ya shafa gwiwarsa, ya yi bayani kamar mai ba da labarin farashin kasuwa. A lokacin fim a naɗe cikin gwangwani biyar yake zuwa, in an gama da shi a wani gari a turo nan. Wannan ya iso gwangwanin ƙarshe ya sha wuya, injin wasu ya kankare gefen da sauti yake, hoto lafiya lau amma shiru kamar maƙabarta. 'Yan kallo kuwa in suka ji shiru, benci suke fara karyawa. To akwai wani tsohon rediyo a ɗakin injin. Sai ya kara masa makirfon sanarwa, ya murɗa shi tsakanin tasha da tasha inda yake fito. In ya kai hannu kusa da wayar, fiton ya hau. In ya janye, ya sauko. Yana leƙen allon ta ƙaramar taga, yana bin jirgin da hannu. Mako guda ya yi yana haka, ba wanda ya gane.

"Tsaya, Yaya," matar ta ce, ta dafe ƙirji. "Wato kukan nan da rediyo yake yi in ya lalace? Wanda Baban Auta ya shekara arba'in yana cire wa mutane daga nasu?"

Ai kuwa dariyar da ta riƙe ta ƙwace. Ta yi har da hawaye, tana cewa a yafe mata. Auta ta kifa kai a kujera, jikoki suna tsalle ba su ma san abin da ake wa dariya ba.

Mai Rediyo bai yi ba. Ya jawo kujerarsa har gaban wansa, ransa a ɓace, ya ɗaga murya.

"Yaya, shekara hamsin! A gabanka nake ba da labarin nan, kana gyaɗa kai. Me ya hana ka faɗa mini?"



"Wata biyu ke nan da rasuwar Babanmu a lokacin," in ji Yaya. "Ba ka magana, ba ka cin abinci, kullum kana bakin ƙofa. Na tafi da kai ne don Inna ta huta da kallonka. Muna fitowa ka kama mini riga, kana ta zuba har gida, wai Yaya ka ji yadda sama take kuka? Ranar kwano biyu ka cinye. Sai in ce maka lalataccen rediyo ne?"

Dariya ta ɗauke a falon.

"Sauran kwanakin sama-sama na yi," tsohon ya ƙara. "Ranar da kake ciki ina hango ƙeyarka ta taga, shi ya sa na ja shi da tsawo."

Mai Rediyo ya dubi tsohon. Yana son wansa, bai taɓa sanin yawan son ba sai yau. Akwai maganar da ta kamata ya yi, amma irin wadda ake faɗa a hankali ce, kunnen Yaya kuwa ba ya jin a hankali, ga yara sun zuba ido. Ya goge fuska da hannun riga, ya kai baki kusa da kunnen, ya kwarara murya yadda har maƙwabta sai da suka ji.

"Yaya, ka fi masu fim ɗin iyawa!"

"Na sani," in ji Yaya. Ya miƙa wa ƙanen hannu don ya taimaka masa ya tashi.