Ƙafar Zorka

A filinmu, duk Asabar ɗin da aka tashi wasa, klobasar farko da ta sauko daga wuta, wato naman da ake ɗurawa a hanji a gasa, ta alƙali ce. Haka na tarar, haka kuma Pani Libuše, wato uwargida Libuše mai rumfar kulob, take yi. Za ta ɗora ta a faranti da yankan burodi, ta dire mini a ƙarshen dogon bencin da iyaye ke zama, ta ce, "Ci da sauri, Lumír, kafin su tuna laifinka." Sai a kwashe da dariya. Tun da matata Jarmila ta rasu, wannan bencin ne kaɗai inda nake cin abinci wani yana yi mini magana. Sauran kwanakin mako daga ni sai rediyo.

Ni nake alƙalancin sofbol na ƙananan 'yan mata a garinmu, wasan da ake jefo ƙwallo a buga da sanda, a zagaya fili da gudu. A ƙa'ida mu biyu ne, ɗaya a bayan mai bugu, ɗaya a cikin fili yana lura da masu gudu. Amma ina za a samu na biyun? Duk matashin da muka koya wa aikin, ba ya daɗewa iyaye suke wanke shi da zagi, ya ajiye hular ya yi gaba. Mutanen da ba su taɓa buɗe littafin doka ba, amma da sun jingina da shinge kowa ya zama gwani. Saboda haka ranar da 'yan garin ƙetaren kogi suka zo mana, ni kaɗai ne a filin, da tsufana da ciwon gwiwata.

Akwai dokar da kowa ya sani amma babu mai kallonta. Yarinyar da ke tsaye a kan meta, ɗaya daga fararen matasan kai da mai gudu ke takawa a kusurwoyin fili, ba ta da izinin ɗaga ƙafa sai ƙwallo ta bar hannun mai jifa. In ta riga, ko da ƙiftawar ido ne, ta fita, kuma duk abin da ya biyo baya ba a ƙirga shi. Jama'a ƙwallo suke bi da ido, kallon ƙafa sun bar wa alƙali.

Aka zo zagayen ƙarshe, baƙi sun fi namu da ci ɗaya, kuma saura mutum ɗaya a fitar daga cikin namu wasa ya ƙare. Zorka ce a meta ta biyu. 'Yar Radim ce, mutumin da ke ajiye mini wuri a benci kowace Asabar don mu yi musun wasan hoki. Meta ta biyu kuwa tana daidai bayan mai jifa, don haka daga inda nake tsugune ina ganin hannun wannan da ƙafar waccan a layi ɗaya. Hannu yana juyawa, ƙwallo na cikinsa, sai jan takalmin Zorka ya rabu da meta. Na gani sarai, kuma wallahi na so a ce ban gani ba.

Na ɗaga hannu na yi ihu, "Aut!" wato ta fita. Babu wanda ya ji ni, domin a daidai lokacin mai bugu ta narka wa ƙwallon sanda, ta tashi sama ta haye shinge. Filin ya kaure. Zorka ta iso meta ta ƙarshe da gudu, mai bugu ta biyo ta, ci biyu ke nan, yara suka tarar musu suna tsalle, iyaye na rungumar juna. Ni kuwa ina tsaye da hannu a sama kamar mai tsayar da motar da ta riga ta wuce. Sai da na cire ƙarfen da ke kare fuskata na shiga tsakiyarsu na maimaita: mai gudu ta bar meta da wuri, ta fita, wasa ya ƙare, baƙi sun ci.

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa duka ba. Wata uwa ta ce in je a duba mini ido. Wani ya ce ai ƙanwata a ƙetaren kogi take aure. Suka yi ta cusa mini wayoyi a fuska, "Duba! Duba da kanka!" Na duba. Kowace waya ƙwallo ta ɗauka tana tafiya a sararin sama, gwanin kyau, babu ƙafa ko ɗaya a ciki.

Na wanke fuska a famfo, na nufi rumfa, domin ban saba zuwa ko'ina ba bayan wasa. Benci ya cika, an yi tsit. Radim ya miƙe, fuskarsa ja wur.

"Pan alƙali," ya ce. Kamar a ce malam alƙali ke nan, kuma tun da muke tare bai taɓa kirana da haka ba. "'Yata ba ta ha'inci. Zorka, zo nan."

Ta taso daga cikin ƙawayenta, idonta ya kumbura, har yanzu hular bugu na kanta.

"Faɗa masa a gaban kowa. Kin ɗaga ƙafa ko ba ki ɗaga ba? In kin ce kin ɗaga, ni da kaina zan ba shi haƙuri, in saya masa giya har ƙarshen shekara."

Yarinyar ta dube ni. A duk faɗin duniya mu biyu ne muka san abin da takalmin nan ya yi, kuma na ga ta sani. Ta ja numfashi, na tabbata gaskiya za ta faɗa. Raina ya yi tsalle, ba zan ɓoye ba. Kalma ɗaya daga bakinta, in koma wurina, Libuše ta yi mini tsiya, komai ya wuce.

Sai idona ya kai kan ƙawayenta. Sun jeru a bayanta da ƙura a gwiwa, suna jira su ji ko ita ce ta zubar musu da wasan da suka riga suka yi wa rawa. Na san yara, ba sa mantuwa da wuri. Ranar Litinin a makaranta za ta buɗe abincinta ita kaɗai a ƙarshen tebur, ni kuwa na san ɗanɗanon wannan abincin.

"Ba a tambayar 'yar wasa," na ce, da muryar fili. "Hukunci nawa ne, na yanke, ko me za ta faɗa ba ya canja shi. Koma wurin 'yan uwanki, yarinya."

"Kun gani ko?" Radim ya juya ga jama'a. "Tsoro yake ji ta yi magana!"

Aka ɗauka da hayaniya. Wata ta jawo Zorka ta rungume, ƙawayenta suka kewaye ta suna cewa tsohon nan makaho ne.

Pani Libuše ba ta karya al'ada ba, wannan kam na shaide ta. Klobasar farko ta alƙali ce, ta kuwa ba ni. Sai dai ba a faranti ba. A takarda ta naɗe ta, ta miƙo mini ta tagar rumfa, idonta na kan wuta.

"Ga ta, Lumír. Ka gaida gida."

Ta san babu kowa a gidan, bakinta ne kawai ya saba.

Na rataya jakata na bi gefen shinge, takardar na ƙona mini tafin hannu. Kafin in kai ƙofa hira ta dawo benci, har wani ya yi dariya. Na waiga sau ɗaya. Radim ya zaunar da Zorka kusa da shi, ƙawayenta sun matsu a jikinta, ana tura mata faranti. A ƙarshen benci take, a wurina, don nan ne kaɗai suka tarar babu kowa.