Jiran Fitsarin Auta

Fo ɗin roba yana ƙarƙashin gadon asibitin, busasshe ƙayau, kuma duk wanda ya shigo ɗakin shi yake fara leƙawa.

Auta, 'yar shekara huɗu, tana kwance ana ƙara mata ruwa. Da murɗar ciki abin ya fara, sai gudawa, sai jini. Gudawar na lafawa, fitsari ya ɗauke.

Babanta, mai gyaran firiji, ya kasa zama. Ya je bakin taga, ya dawo, ya gyara zanen gado, ya sake komawa. Da likita ta shigo, a bakin ƙofa ya tare ta.

"Ƙwayar cutar nan tana hanjin kowa, har ni har kai, lafiya lau," in ji ta. "Amma akwai wani irinta mai dafi, shi ya shige ta. Dafin yakan taɓa ƙoda."

"To a ba ta maganin da zai kashe ƙwayar mana, likita."

"A irin wannan, maganin na iya ƙara dagula abin. Ruwa za mu ci gaba da ba ta, mu sa ido. In yamma ta yi ba fitsari, sai mu yi maganar wankin ƙoda."

"A ina ta ɗauko?"

"Nama da bai dahu ba, madarar da ba a tafasa ba, ganye, ruwa, ko hannu. Ba lallai mu gano ba."

Likita na fita, Kaka, mahaifiyar Baban Auta, ta gyara murya. "Ni dai na sha cewa a daina saya mata kayan bakin titi."

Maman Auta ba ta ɗago kai ba. "Mama, madarar da kika kawo rannan fa, an tafasa?"

Baban Auta ya ɗauki makullinsa ya fice.

A gida ya kwashe duk abin da ke cikin firiji ya zubar. Ya auna sanyinsa, ya same shi daidai, ya sake aunawa. Ya so ƙwarai a ce ya lalace, don wannan kam ya san yadda ake gyara shi. Ya wanke wuƙaƙe da katakon yanka da ruwan zafi har yatsunsa suka yi ja. Wani mai shago ya yi ta kiransa, firijinsa ya lalace, kifinsa na narkewa. Ya kashe wayar, ya tuna asibiti, ya kunna da sauri.

Rana ta karkata lokacin da ya koma. Ya leƙa ƙarƙashin gado. Babu komai.

"Don Allah Baban Auta, ka zauna," in ji matarsa. "Zirga-zirgarka ta fi ciwon tayar min da hankali."

Auta ta buɗe kumburarrun idanunta. "Baba, ɗauke ni."

Ya zauna, ya ɗora ta a cinya yana kaffa-kaffa da robar ƙarin ruwan. Ya shiga ba ta labarin wani ɓera da ya taɓa samu a bayan firijin wani attajiri, ya yi gida har da 'ya'ya. Bai kai ƙarshe ba ya ji ɗumi yana bin cinyarsa.

"Nas! A kira nas!"

Nas ta zo a guje, ta duba wandonsa, ta riƙe ƙugu. "Haba malam, ga fo a ƙasa! Yanzu ta yaya zan auna?"

"Ki matse wandon. Wallahi zan cire."

Dariya ta ƙwace wa Maman Auta, ta rikiɗe ta zama kuka.

"Kaɗan ne, kuma ya yi duhu," in ji nas. "Ba mu fita daga haɗari ba tukuna, sai an sake gwada jininta. Amma ya zo."

Auta ta cusa fuska a ƙirjinsa don kunya. "Baba, kar ka gaya wa Kaka."

"Ba zan gaya mata ba."

Daga can baranda muryar Kaka ke tashi, tana tare duk wanda ya zo wucewa tana yi masa albishir.