Hannu a Baya

A bayan shagon gyaran kwamfuta na Baba akwai ɗan ɗaki mai ƙamshin dalma da ƙura, a nan ƙungiyarmu take haɗuwa tun ina 'yar makaranta. Ƙungiya dai sunan girma ne. Mutane ne 'yan ƙalilan masu son gardama, suna haɗa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta su raba kyauta ga makarantu da ƙananan shaguna. A buɗe take, duk mai iyawa zai iya leƙa cikinta ya gyara.

Duk lokacin da za a fitar da sabon zubi sai an yi rigima a kan abu guda: wace fuska za a sa, wato abin da mutum zai tarar idan ya kunna, inda maɓallai suke da yadda tagogi ke buɗewa. Kowa na iya canja ta daga baya, amma Baba yakan ce yawancin mutane ba za su taɓa canjawa ba, abin da aka ba su da shi za su tsufa. Don haka ya kafa doka. A ɗora kowace fuska a kan Tsohuwa, kwamfutar da ta fi kowace rauni a shagon, a kira wani daga maƙwabta a zaunar da shi, a ba shi ɗan aiki. Mu kuma mu jeru a bayansa, hannu a baya, baki a rufe. Kawu Dogo, aminin Baba kuma abokin faɗansa, an sha korarsa waje saboda yana nuna hanya da haɓa.

Kullum fuskar da muke kira Tabarma ce ke cinyewa. Baba ne ya rubuta ta da hannunsa, ba ado, haruffa manya saboda idonsa ya fara rauni. Na taso ina jin ƙarar da take yi idan an kunna ta, kamar an ƙwanƙwasa kofi da cokali.

Bana ne zubin farko tun rasuwarsa, kuma ni aka ɗora a kujerarsa. Kawu Dogo ya zo da wata fuska da mutane da yawa a ƙasashe daban-daban suke kula da ita, muka sa mata suna Amarya saboda ƙyalli. Ya ce ba wanda ya taɓa Tabarma tun da mai ita ya kwanta ciwo. Na ce masa shi ma ba wanda ya gyara shi tun lokacin, kuma ga shi yana aiki. Aka yi dariya, amma ni har zuciyata nake nufi. Idan aka cire Tabarma, na san ba za ta sake komawa ba, kuma ita ce abin da ya rage na Baba da ke shiga gidajen mutane.

Ranar gwaji, telan maƙwabcinmu da ya yi alkawarin zama bai zo ba, wai aiki ya yi masa yawa. Inna, matar Baba, ce ta leƙo da fulas ɗin ruwa, Kawu Dogo ya ce ai ga maƙwabciya, ta zauna. Na ji daɗi a ɓoye, don shekara da shekaru Inna ba ta san wata fuska ba sai Tabarma. Aikin mai sauƙi ne: ta jona waya, ta buɗe hoton jikarta.

Da Amarya aka fara. Inna ta yi ta yawo da linzamin kwamfutar tana tsaki, ta buɗe agogo, ta buɗe kalanda, ta tambayi allon ko wa ya ɓoye masa kaya. Haɓar Kawu Dogo har rawa take. A ƙarshe dai ta lalubo, jikar ta fito tana dariya da haƙora biyu.

Da aka kunna Tabarma, ƙarar kofin nan ta tashi. Inna ko duba allon ba ta yi sosai ba, hannunta ya san hanya. Ta danna, ta danna, sai taga ta buɗe fara fat ta tsaya. Wayar sabuwa ce, Tabarma ba ta san irinta ba. Inna ta jira kaɗan, sannan ta juya wajen kujerar da Baba yakan zauna a jikin tagar ɗakin.

"Malam, ta sake..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta mayar da kanta ga allon, ta gyara mayafi, ta ci gaba da riƙe linzamin da ba ya motsa komai.

Ina tsaye hannuna a baya, hawaye na zuba, doka ta hana ni ko gogewa. Ashe duk shekarun nan Tabarma tana tsayawa. Ba mu gani ba ne saboda akwai mai tasowa daga kujera kafin ruwan shayi ya huce. Na tuna malaman makarantun da muke kai wa manhajar, waɗanda idan ta tsaya musu ba su da kujerar da za su juya su kalla.

Da aka zo zaɓe, ni na fara ɗaga wa Amarya hannu. Kawu Dogo kuwa sai hanci ya yi ta ja yana cewa ƙurar ɗakin ce. Canjin kansa layi ɗaya ne a cikin manhajar. Na goge sunan da Baba ya rubuta, na rubuta wani.

Da muka tashi Inna ta dafa saman Tsohuwa.

"Wannan a kai min gida, yadda take. Ni na san inda komai yake."

Tana nan a ɗakinta kusa da keken ɗinki. Takan tsaya, wani lokacin ma sau da yawa a rana. Yanzu sunana Inna take kira, nakan zo in zauna in buɗe abin da Baba ya rubuta ina bi layi-layi. Ban iya ba tukuna, ita kuma tana jira.